Filin Masu Sana'a: Gyaran Akwatin Waƙa Mai Faifai Ɗari

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanga wata, filin masu sana'a ya tsallaka teku zuwa Amurka, inda wasu masu gyara ke tada wani tsohon inji da masu shi sunka yi watsi da shi. Injin nan shi ne akwatin waƙa, wanda Amurkawa ke kira jukbos. Akwati ne babba, tsayinshi ya kai ƙirjin babban mutum, nauyinshi ya wuce kilo 100. Ana girka shi cikin gidan abinci ko wurin hira. Mutum ya jefa kuɗi, ya danna lamba, sai akwati ya ɗauko faifan da anka zaɓa da kanshi, ya sa waƙa, duk wanda ke zaune ya ji.

Irin da ke aiki da faifan CD yau sun tsufa. Da yawa daga cikinsu sun shekara 30 ko fiye. Kayan gyaransu sun yi wuya, tsofaffin masu gyaransu kuma suna ƙarewa. Duk akwatin da ya tsaya, ko dai ya faɗa hannun gwani, ko kuwa a kai shi wurin masu sayen tsohon ƙarfe.

Asalin akwatin waƙa

Ran 23 ga watan Nuwamba na 1889, wani mutum mai suna Louis Glass da abokin aikinshi William Arnold sunka girka garmaho mai karɓar kuɗi cikin wani gidan shaƙatawa na birnin San Faransisko. Lokacin babu amsa-kuwwa. Tiyo huɗu ke gare shi, mutum ya jefa kuɗin ƙarfe na santi 5, ya kara tiyo a kunne, ya saurara. Waƙa guda ce tak a ciki.

Sannu-sannu abin ya bunƙasa. A 1946 kamfanin Wurlitzer ya fito da samfurin da ake kira 1015, mai faifai 24, mai fitilu launi-launi da kumfa na tashi cikin gilashi. An ƙera fiye da 56,000 nashi. Bayan nan kamfanin Seeburg na Shikago ya yi wanda ake zaɓen waƙa 100 cikinshi. Duk waɗanga da baƙin faifan garmaho suke aiki, wanda allura ke bi. Allura na cin faifai, faifai na cin allura, kuma kowane gefe waƙa guda ne.

A 1982 kamfanin Philips na Holand da kamfanin Sony na Japan sunka fito da faifan CD. Faɗinshi santimita 12, kaurinshi milimita 1.2, yana ɗaukar sauti na minti 74, daga baya anka kai shi minti 80. Masu ƙera akwatin waƙa ba su yi sanya ba. A 1986 Seeburg ya fito da mai ɗaukar faifan CD 60. Wajen 1989 kamfanin Rowe na garin Grand Rapids, cikin jihar Mishigan, ya fito da samfurin CD-100 mai faifai 100, wanda ya cika gidajen abinci na Amurka. A Jamus ma kamfanin NSM ya ƙera nashi. Mai karatu ya yi lissafi: faifai 100, kowane minti 74, ya kama awa 123 ke nan. Akwati guda na iya kwana biyar yana waƙa dare da rana bai maimaita ba.

Mulkin nashi bai daɗe ba. A 1998 kamfanin TouchTunes ya shigo da akwatin da ba ya buƙatar faifai sam, cikin kwamfuta waƙoƙinshi suke. Masu haya sunka dinga kwashe masu faifai suna turawa cikin sito. A 2013 masana'antar Wurlitzer ta Jamus ta daina ƙera akwatin waƙa. Daga sito ɗin nan ne masu sha'awa ke sayensu da araha, su kai gida, su shiga gyara.

Yadda yake aiki

Mai gyara ba ya taɓa abin da bai gane ba. Akwatin Rowe ya kasu kashi biyar. Akwai ma'ajiyar faya-fayai, wadda take kamar ƙafar keke, kowane faifai da gurbinshi, daga lamba 00 zuwa 99. Akwai hannu na ƙarfe mai ɗauko faifai. Akwai na'urar karatu. Akwai ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfuta mai ba da umurni. Sai kuma na'urar ƙara sauti da amsa-kuwwa.

Mai sauraro na danna lamba huɗu. Biyun farko na faifai ne, biyun ƙarshe na waƙa. In ya danna 2507, ya nemi waƙa ta 7 cikin faifai na 25. Ƙwaƙwalwa ta sa ma'ajiya ta juya. Wani ɗan haske na ƙidaya gurabu har a zo na 25, ma'ajiya ta tsaya cak. Hannu ya kama faifai, ya ɗora shi bisa na'urar karatu. In waƙa ta ƙare, ya maida shi gurbinshi.

Babu allurar da ke taɓa faifan CD. Hasken leza ke karanta shi ta cikin wani ɗan gilashi da masu gyara ke kira ido. Sautin an rubuta shi da ƴan ramuka ƙanana ƙwarai, jere bisa layi guda mai naɗewa kamar gammo, daga tsakiya zuwa baki. In da za a warware layin nan, tsawonshi ya wuce kilomita 5. Cikin faɗin milimita 1 ana samun zagaye fiye da 600. Faifai na juyawa wajen sau 500 a minti in ido na tsakiya, ya rage zuwa wajen sau 200 in ya kai baki. Aikin da ya kai haka ƙanƙanta, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata shi.

Abin da ke kashe shi

Ciwo na fari shi ne dauɗa. Akwatin da ya yi shekaru cikin gidan da ake shan taba da suya, hayaƙi da maiƙo sun lulluɓe cikinshi, sun rufe ido, sun dushe ɗan hasken da ke ƙidaya gurabu. Sai ma'ajiya ta yi ta juyawa ba ta tsayawa, ko faifai ya hau ya sauka ba a ji komi ba.

Na biyu, tsohon giris. In ya daɗe yakan daskare ya zama kamar ƙaro. Hannu ya yi nauyi, ƙaramin inji ya yi ta fama, har haƙoran roba na giya su karye.

Na uku, batir. Ƙwaƙwalwa na da ɗan batir da ke riƙe mata abin da anka koya mata in an kashe wuta. In ya mutu, akwati ya manta faya-fayanshi da farashinshi. Wani batirin in ya tsufa yana yoyo, ruwanshi ya ci hanyoyin tagulla da ke bisa allo. Wanga ɓarna ta fi sauran wuyar magani.

Na huɗu, kondansa, wato ƴan gwangwanayen nan masu tara wuta. Ruwan cikinsu na bushewa da shekaru da zafi. Alamarsu ita ce gurnani cikin amsa-kuwwa, ko akwati ya dinga mutuwa yana tashi. Wani lokaci ana ganin kansu ya kumbura.

Na biyar, shi kanshi hasken leza yana raunana da yawan aiki, kamar idon tsoho. Nan ne babbar matsala take. Akwatunan Rowe da wasu da dama da na'urar karatu ta Philips suke aiki, irin su CDM-3, CDM-4, CDM-12 da CD-Pro. Philips ya daina ƙera su. Wadda ta rage sai ta hannu, ko wadda anka ciro daga wani mataccen akwati, kuɗinta kuma kullum hawa yake.

Yadda gwanaye ke bi da shi

Gwanin gyara ba ya gaggawar sa ma tsohon akwati wuta don ya ga ko zai tashi. Ga yadda suke bi, daki-daki:

1. A nemi littafin aikin samfurin. Kowane samfuri da littafinshi, mai zanen wayoyi da fassarar lambobin da akwati ke nunawa in yana da ciwo.

2. A ɗauki hoton ciki tun ba a kwance komi ba. Kowace waya da anka cire a ɗaura mata takarda da lamba.

3. A duba igiyar wuta da fiyus. In fiyus ya ƙone, a sa irinshi daidai. Naɗa waya a gurbin fiyus shi ke jawo gobara.

4. A duba batir, a canza shi. In ya yi yoyo, a wanke allo, a bi hanyoyin tagulla da mita ɗaya bayan ɗaya, a haɗa wadda ta yanke da siririyar waya da dalma.

5. A kankare tsohon giris, a sa sabo ɗan kaɗan. Giris mai yawa ƙura yake tarawa. Kar mai ya taɓa igiyar roba ko ido.

6. A goge ido da auduga mai laushi da ɗigon alkol mai tsabta, da hannu marar nauyi. Idon bisa ƴan siraran maɗaurai yake lilo, dannawa kaɗan na karkata shi.

7. A canza kondansa da sunka gaji, a kula da ƙafar da ke zuwa ga alamar ƙari da wadda ke zuwa ga alamar ragi. In an juya su, suna fashewa.

8. A duba amsa-kuwwa. In bakinsu na soso ne, yakan rube ya zube. Ana liƙa sabo ba tare da an jefar da amsa-kuwwar ba.

Sai an gama waɗanga duka ake sa wuta. Daga nan a jera faya-fayai, a umurci akwati ya bi su ɗaya-ɗaya ya san yawan waƙoƙin kowane.

Akwai haɗari biyu da ya kamata kowa ya sani. Manyan kondansa na riƙe wuta ko bayan an zare igiya, suna iya jan mutum. Hasken leza kuma ido ba ya ganinshi sosai, amma yana iya lahanta gani, don haka ba a leƙa shi in na'ura na kunne.

Ga wani kuskure da sababbin hannu ke yawan yi. Jikin na'urar karatu akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa a ƙara ma leza ƙarfi. In faifai ya ƙi karantuwa, sai yaro ya murɗa shi har ƙarshe. Akwati ya yi waƙa kwana kaɗan, sannan leza ta ƙone gaba ɗaya. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Ba a taɓa maɓallin nan sai da na'urar awo da littafi a buɗe, kuma sai bayan an tabbata dauɗa ko kondansa ba su ne sanadi ba.

Sabuntawa

In akwati ya tashi, saura tambaya: a bar shi yadda yake, ko a ƙara mashi kayan zamani? Abubuwa huɗu aka fi yi.

Ana cire dogayen fitilu na da, a sa fitilun LED. Ba su shan wuta da yawa, ba su zafi, kuma ba su ƙona robar ado.

Ana kashe neman kuɗi. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ake gaya ma akwati ya yi waƙa kyauta, tunda yanzu cikin gida yake. Wasu na barin ramin kuɗin yana aiki, don yara su ga yadda ake yi a da.

Ana jona ƴar na'urar Bluetooth ga na'urar ƙara sauti. Da haka mutum na iya tura waƙa daga wayar salula tashi, ta fito ta manyan amsa-kuwwar akwati.

Na huɗu shi ne babba. Ana cire na'urar karatu baki ɗaya, a sa wani allo mai karanta katin memori. Allon nan na amsa umurnin ƙwaƙwalwa tamkar shi ne na'urar Philips. Mai sauraro ya danna 2507 kamar da, waƙa ta 7 ta faifai na 25 ta fito, amma daga kati. Faifan sauti guda in ya cika yana kama wajen megabait 800, faifai 100 sun kama wajen gigabait 80. Katin gigabait 128, wanda bai kai farcen yatsa ba, ya haɗiye su duka har da saura. Wasu kuma na amfani da ƴar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda anka fito da ita a Ingila a 2012.

Kan wanga aiki na huɗu masu sha'awa sun rabu biyu. Wasu sun ce daɗin akwatin waƙa shi ne a ji ma'ajiya na juyawa, a ji hannu ya ɗauko faifai, a ɗan jira kafin waƙa ta taso. In an cire wannan, abin da ya rage rediyo ne cikin babban akwati. Wasu sun ce idon leza ƙarewa yake, kuma gara akwati mai waƙa da kati da akwati bebe a lungu. Kowane ɓangare na da gaskiyarshi. Shawarar da ta fi ita ce a yi aikin da za a iya warwarewa. Kar a yanke waya in ana iya jonawa da filogi. Kar a huda katako. Duk abin da anka cire a naɗe shi, a rubuta sunanshi, a ajiye cikin akwatin. A rubuta abin da anka canza da ranar da anka canza shi cikin ɗan littafi, a liƙa daga ciki. Wanda zai gaji akwatin, in ya samu ido sabo, yana iya maida shi yadda yake tun fari.

Abin da ya shafi masu gyara na gida

Akwatin waƙa bai zama kayan ƙauyukan Nijar ba. Amma sauraron taro sananne ne, tun zamanin garmaho da kulob-kulob na rediyo da anka kafa a 1962, inda mutanen gari ke zama gindin rediyo guda. Kuma idon da ke cikin akwatin Rowe ɗan uwan wanda ke cikin rediyo mai CD ne, da na'urar bidiyo da ake kai ma masu gyara a kasuwar Katako ta Yamai, da kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ciwonsu guda, maganinsu guda.

Abu na fari da za a kiyaye shi ne wuta. Kayan da anka yi don Amurka da wuta mai ƙarfin bolt 120 suke aiki. Wutar Nijar bolt 220 ce. Duk wanda ya sayi na'ura ta hannu daga waje ya karanta takardar da ke bayanta kafin ya jona. In 120 ko 110 anka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, wanda ya fi ƙarfin abin da na'urar ke sha. In ba haka ba, jonawa guda ta isa ta ƙone ta. Akwai kuma wani bambanci: wutar Amurka na kaiwa da komowa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijar sau 50. Wannan ba ya canza muryar faifan CD, amma wasu ƙananan injuna na rage gudu, taransifoman cikin na'ura kuma na ƙara ɗumi. Sai a bar mata wurin shan iska.

Na biyu, ƙura. Lokacin hunturu da buji, na'urar da ba a rufe ba idonta na dushewa cikin ƴan makonni. Ƙyalle mai tsabta da za a lulluɓa mata in an kashe ya fi kuɗin sabon ido araha. Mai gyara kuma ya fara da goge ido kafin ya ce ma mai kaya ido ya mutu. Wanda ya faɗi gaskiya kan ƙaramin aiki, shi ake kawo ma babba.

Na uku, shi kanshi faifai. Ana riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. In za a goge, daga tsakiya ake ja zuwa baki, ba a zagayawa, don ƙarzuwar da ta bi layi ita ke sa waƙa tsalle. Mutane da yawa na kiyaye gefen mai ƙyalli su manta da gefen rubutu, alhali sautin dab da gefen rubutun yake kwance, fenti ne siriri kawai ya rufe shi. Ƙarzuwa a nan ba ta gyaruwa. Rana da zafin cikin mota na lanƙwasa faifai. Faifan da anka cika da kwamfuta, wanda ake kira CD-R, ya fi na masana'anta saurin lalacewa cikin haske da zafi, kuma tsofaffin na'urori kan sha wuyar karanta shi. Mai waƙoƙin MP3 kuwa tsohon akwati ba ya gane shi ko kaɗan.

Wanga batu na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Gidaje da yawa na da faifan biki, na suna, na wasan kokawa, ko na makaɗin gari da ya riga ya rasu, kuma wani lokaci kwafin nan shi kaɗai ya rage. Ranar da faifan ya mutu, muryar ta tafi. Dabarar da masu akwatin waƙa ke yi ita ce ta dace: a kwafe abin da ke cikin faifai zuwa kati tun yana karantuwa, a yi kwafi biyu, a ajiye su gida biyu dabam, shi kuma faifan a maida shi cikin kwalinshi a inuwa. Wanda zai sa waƙar wani don neman kuɗi a bainar jama'a kuwa, ya tuna mawaƙi na da haƙƙinshi, kuma akwai ofishin BNDA a Yamai mai kula da wannan.

Samari masu koyon gyara su lura da tsarin aikin nan: littafi tukuna, sannan tsabta, sannan awo, canjin kaya daga ƙarshe. Wanda ya saba da haka bisa rediyon ƙauye, in an kawo mashi inji mai faifai 100 ba zai ruɗe ba. Masu kaya kuma su daina jefar da na'ura don kawai ta yi shiru. A kai ta wurin mai gyara, a tambaye shi ko ya goge ido, ko ya duba fiyus da kondansa.

Wata mai zuwa filin masu sana'a zai duba batirin hasken rana: abin da ke rage mashi kwana, da yadda ake kula da shi lokacin bazara.